Magungunan ƙarin kuzari: suna jinkirta tsufa ko suna gaggauta shi?

A Kasuwar Dole ta birnin Damagaram, a tashoshin mota, da kasuwannin ƙauye na gundumar Mirya har zuwa yankin Hamdara, akwai hajar da ba ta yin kwantai: ƙwayoyin bitamin, ruwan maganin buɗe ciki, lemun gwangwani mai kafeyin, zumar maza, garin ganye ƙulle a leda, da ƙwayoyin da ake sayarwa ɗaɗɗaya daga faranti. Sunan da ya haɗa su duka shi ne maganin ƙarfi. Ɗan kabu-kabu na sha don ya kai dare, manomi don ya gama noman fari, ɗan lakwal don jarrabawa, magidanci don iyali, dattijo kuma don an ce masa yana maido da ƙuruciya.

Amsar da binciken likitanci ya bayar zuwa yanzu ta kasu gida uku. Babu wata ƙwayar ƙarin kuzari da aka tabbatar tana tsawaita ran mutumin da abincinsa ya wadace shi. Ga wanda jikinsa ke da ƙarancin wani sinadari, kamar sinadarin ƙarfe ko bitamin A, cike giɓin na maido da ƙarfi, wani lokaci ma yana ceton rai. Sannan akwai rukuni na uku da cutarwarsa ta tabbata, wanda ke tsofar da zuciya, ƙoda, ƙashi da fata tun lokaci bai yi ba.

Abin da ake kira maganin ƙarfi

Kayan da ake sayarwa da wannan suna ba iri ɗaya ba ne, kuma rarrabe su shi ne matakin farko. Akwai sinadaran gina jiki: bitamin, sinadarin ƙarfe, zinki, man kifi. Akwai masu farkar da ƙwaƙwalwa, waɗanda aikinsu ya dogara ga kafeyin: goro, shayi, kofi da lemun gwangwani. Akwai tsirrai da aka busar aka niƙa, irin su zogala, spirulina da jinsen. Akwai sabbin ƙwayoyi masu tsada da ake tallatawa a Facebook da TikTok da sunan maganin tsufa, irin su NMN da resberatrol. Daga ƙarshe akwai magungunan asibiti da aka karkatar da su daga aikinsu: tramadol, da ake kira tramol, da dezametazon, da siproheptadin, da allurar gina tsoka. Waɗannan na ƙarshe ba su cikin abincin ƙari ko kaɗan, amma a faranti ɗaya ake sayar da su, da suna ɗaya.

Yadda jiki ke samar da kuzari

Kuzari daga abinci yake zuwa. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jiki akwai ƙananan murahu da ake kira mitokondiriya, waɗanda ke ƙona sukari da kitse da taimakon iskar da ake shaƙa, su fitar da makamashin da tsoka da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi. Bitamin na rukunin B da sinadarin ƙarfe kayan aikin wannan murhu ne. Ba su da makamashi a cikinsu. Idan sun yi ƙaranci wutar ba ta ci sosai, mutum ya ji kasala. Idan sun wadata, ƙara su ba ya ƙara wuta, kamar yadda mafici na biyu ba ya dafa tuwo idan itace ya ƙare.

Tsufa kuwa lalacewa ce da ke taruwa sannu a hankali. A 2013 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Carlos López-Otín na ƙasar Spaniya sun jera alamomin tsufa tara a cikin ƙwayar halitta, suka mayar da su 12 a 2023. Daga cikinsu akwai raunin mitokondiriya, lalacewar kundin gado na DNA, gajercewar bakin zaren gado da ake kira telomiya, da kumburin cikin jiki da ba ya lafawa. Tunda raunin mitokondiriya na cikin jerin, masu talla suka samu ƙofa: abin da ke ƙara kuzari, in ji su, dole ya rage tsufa.

Ra'ayoyi biyu masu karo da juna

Tambayar ta girmi kasuwar. A 1908 wani masani Bajamushe, Max Rubner, ya lura cewa ƙananan dabbobi masu ƙona abinci da sauri sun fi saurin mutuwa. Raymond Pearl na Amurka ya faɗaɗa ra'ayin a 1928: wanda ya rayu da gudu zai ƙare da wuri. A 1935 Clive McCay na jami'ar Cornell ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su sinadaran da suke buƙata ba, sun fi takwarorinsu tsawon rai. Bisa wannan fahimta, rura wutar jiki gaggauta tsufa yake yi.

A 1956 Denham Harman ya kawo wani bayani. Ya ce ƙonewar abinci na fitar da tartsatsi, wato wasu sinadarai masu cin jikin ƙwayar halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma su ne tushen tsufa. Daga nan aka yi tunanin cewa bitamin C, bitamin E da beta-karotin, masu kashe wannan tartsatsi, za su jinkirta tsufa. A kan wannan tunani aka gina kasuwar bitamin ta duniya.

Kowane ra'ayi na da ɓangaren gaskiya, amma babu wanda ya cika. Tsuntsaye da jemagu na ƙona abinci da sauri, duk da haka sun fi ɓera mai girmansu daɗewa nesa ba kusa ba. Ra'ayin Harman kuwa, an gwada shi a kan dubban mutane, kuma sakamakon ya zo da abin da ba a zata ba.

Abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna

A ƙasar Finlan an raba mazaje masu shan taba 29,133 gida-gida, wasu aka ba su beta-karotin, wasu ƙwayar da ba kome a cikinta. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wajen masu shan beta-karotin. A Amurka an dakatar da wani gwaji mai suna CARET a 1996 kafin wa'adinsa, bayan an ga haɗin beta-karotin da bitamin A ya ƙara ciwon dajin huhu da kashi 28 cikin 100, mace-mace kuma da kashi 17, a cikin mutane fiye da 18,000 masu shan taba ko masu aiki da ƙurar asbestos. Gwajin SELECT, da aka yi da maza kimanin 35,000, ya nuna a 2011 cewa bitamin E ya ƙara ciwon dajin prostat da kashi 17 cikin 100.

A 2012 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 78 da suka ƙunshi mutane kusan 300,000. Ba ta ga alamar cewa waɗannan bitamin na tsawaita rai ba. Ta ga beta-karotin da bitamin E na ɗan ƙara mace-mace, kuma akwai alamar haka ga bitamin A idan an sha da yawa.

Wani ƙaramin gwaji da Michael Ristow ya yi a Jamus a 2009 ya ba da hasken dalili. Samari sun yi wata guda suna motsa jiki, rabinsu na shan bitamin C da E masu yawa. Waɗanda ba su sha ba jikinsu ya ƙara iya sarrafa sukari, waɗanda suka sha kuwa ba su samu wannan riba ba. Ashe tartsatsin da motsa jiki ke haifarwa saƙo ne da ke sa jiki ya gina garkuwarsa da kansa, kuma ƙwayar da ta kashe saƙon ta hana ginin.

Ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe, wadda ake sha ɗaya a rana, ba ta nuna irin wannan cutarwa ba, amma ribarta kaɗan ce. Gwajin da aka yi da likitoci maza 14,641 a Amurka ya nuna a 2012 cewa ta rage ciwon daji da kashi 8 cikin 100, ba ta rage ciwon zuciya ba. Gwajin COSMOS na ƴan shekarun nan ya ga ɗan ingancin tuna abu a wajen tsofaffi. A 2024 wani bincike da ya bi mutane kusan 390,000 na tsawon fiye da shekara 20 bai ga masu shanta kullum sun fi sauran daɗewa ba.

Gwajin VITAL, mai mutane 25,871, bai ga bitamin D ko man kifi sun rage yawan ciwon daji ko manyan cututtukan zuciya gaba ɗaya ba. A 2025 wani reshe na wannan gwaji ya nuna bitamin D ya rage gajercewar telomiya, wani binciken kuma a Suwizalan, mai tsofaffi 777, ya nuna giram ɗaya na omega-3 a rana ya jinkirta ma'aunin tsufa na cikin jini da wata uku zuwa huɗu a cikin shekara uku. Wannan awo ne na ɗakin bincike. Bai nuna cewa mutanen sun ƙara kwana a duniya ba.

Sabbin ƙwayoyin maganin tsufa

Resberatrol, sinadarin da ke cikin ɓawon inabi, ya yi tashe bayan binciken David Sinclair na jami'ar Harvard. Kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris da ke aiki a kansa da dalar Amurka miliyan 720 a 2008, ya rufe shi a 2013 ba tare da an samu maganin tsufa ba. Shirin gwamnatin Amurka da ke gwada irin waɗannan sinadarai a kan ɓeraye a ɗakunan bincike uku lokaci guda bai ga resberatrol ya ƙara musu rai ba.

NMN da NR kuwa suna ƙara wani sinadari mai suna NAD, wanda mitokondiriya ke buƙata. Gaskiya ne suna ƙara shi a jinin mutum. Amma shirin nan na Amurka bai ga NR ya tsawaita ran ɓera ba, kuma gwajin NMN da aka fi ambato, wanda ya fito a 2021, mata 25 kawai ya ƙunsa, na mako goma. Ya nuna tsokarsu ta ɗan ƙara karɓar insulin. Daga nan zuwa alƙawarin maido da ƙuruciya tafiya ce mai nisa.

Torin, wanda ake zubawa a lemun gwangwani, ya shiga labarai a 2023 lokacin da masu bincike a jami'ar Columbia suka ce ya ƙara wa ɓeraye rai da kashi 10 zuwa 12 cikin 100. A 2025 masu binciken cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka suka auna shi a mutane, birai da ɓeraye, suka ga ba ya raguwa da shekaru kamar yadda aka zata. Ba a yi gwajin da ya nuna yana tsawaita ran mutum ba.

Akwai ƙwaya ɗaya da ke da hujja mai ɗan ƙarfi a fagen tsoka: kireyatin, giram 3 zuwa 5 a rana, na taimaka wa tsofaffi su riƙe tsoka, amma sai an haɗa da ɗaga nauyi. Mai ciwon ƙoda sai da izinin likita.

Goro, shayi da lemun gwangwani

Goro shi ne tsohon maganin ƙarfi na ƙasar Hausa, wanda fatake suka yi ƙarnuka suna kawowa daga Gwanja. Kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kafeyin ne. Kafeyin ba ya ba da kuzari. Yana toshe hanyar wani sinadari mai suna adenosin, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana sanar da ita gajiya. Gajiyar na nan, labarinta ne ba ya isowa. Jiki na ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, shi ya sa shayin fada na bayan la'asar ke cin barcin dare.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 400 na kafeyin a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. A wannan ma'auni babu hujjar cewa kafeyin na gaggauta tsufa. Binciken da ya bi masu shan kofi shekara da shekaru ma ya ga masu shan kofi uku zuwa huɗu a rana sun ɗan fi ƙarancin mace-mace, ko da yake irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa kofin ne sanadi.

Matsalar tana ga sukari da barci. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 na ɗauke da miligiram 80 na kafeyin da giram 27 na sukari, wato kimanin ƙwayar sukari biyar. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ba da shawara kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a rana, in so samu ne ma 25. Gwangwani biyu sun wuce iyakar farko tun ba a lissafa shayi da kunu ba. Sukarin da ya yi yawa a jini na manne wa naman jijiyoyi da fata yana sandarar da su, yana kuma kai wa ga ciwon sukari, wanda ke tsofar da ido, ƙoda da zuciya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, mai aikin ƙarfi da ya maye gurbin ruwa da lemun zaƙi, ya ɗora da maganin ciwon jiki irin diklofenak, ƙodarsa yake wahalarwa.

Shayi mai kauri na da wata illa da ba a cika sani ba: idan aka sha shi tare da abinci yana rage yawan sinadarin ƙarfe da hanji ke tsotsewa. Mai ƙarancin jini ya fi kyau ya jinkirta shayi da awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci.

Waɗanda cutarwarsu ta tabbata

Tramadol maganin zafin ciwo ne, dangin hodar ofiyom. A asibiti ƙwayar miligiram 50 ko 100 ake bayarwa, kuma ba a wuce 400 a rana. Wadda ke yawo a kasuwannin Sahel ta kan kai 200, 225 ko 250. Tana kashe jin ciwo da yunwa, shi ya sa mai sha ke ganin ƙarfi ya zo masa, alhali jikinsa yake ci ba tare da ya ji ba. Tana jawo farfaɗiya, tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, kuma idan ta yi yawa tana tsayar da numfashi. Bayan da Indiya ta tsananta dokar fitar da ita a 2018, sai wasu ƙwayoyi masu haɗin tapentadol da karisoprodol suka cike gurbin. Indiya ta haramta wannan haɗin a watan Fabrairun 2025 bayan wani binciken BBC. A Nijar hukumar OCRTIS ce ke yaƙi da fataucinsu.

Dezametazon da siproheptadin ƴanmata da amare ke sha don ƙiba. Dezametazon magani ne mai amfani a hannun likita, amma shan sa na watanni na kawo abubuwan da aka sani da tsufa: siraran fata mai tsagewa, zaizayar ƙashi, yanar ido, hawan jini, ciwon sukari da raunin garkuwar jiki. Ƙibar da yake kawowa a fuska da ciki take taruwa, tsokar hannu da ƙafa kuma na ramewa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya, don hakan na iya jefa ta cikin haɗari. Likita ne zai rage mata sannu a hankali.

Ɗaga ƙarfe ya zama ruwan dare a tsakanin samarin Damagaram, kamar yadda fim ɗin Aisha Macky mai suna Zinder ya nuna a 2021 a unguwar Kara-Kara. Ɗaga ƙarfen kansa na cikin abubuwan da suka fi kare jiki daga tsufa. Allura da ƙwayar gina tsoka ne ke ɓata shi. Wani bincike a Denmak da ya fito a 2019, wanda ya bi maza 545 da aka kama da shan su, ya ga mace-macensu ya ninka na takwarorinsu sau uku. Suna kaurara naman zuciya, suna lalata hanta, suna rage haihuwa.

Zumar maza da wasu haɗe-haɗen da ake cewa tsirrai ne zalla, hukumomin Amurka da Faransa sun sha gano sinadarin sildenafil, wato na Viagra, ko ɗan'uwansa tadalafil, a ɓoye cikinsu ba tare da an rubuta ba. Mai ciwon zuciya da ke shan maganin rukunin nitrat, idan ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa nan take.

Ko a al'ada akwai darasi. Kunun kanwa da ake ba mai jego don ta yi ƙarfi, likitoci Davidson da Parry da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 sun danganta yawansa, tare da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta, da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa. Kanwa cike take da sinadarin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki ya ɗora wa zuciya kaya.

Inda ƙarin ke ceton rai

Manyan gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne a ƙasashen da abinci ya wadata. Halin jihar Damagaram daban ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 73 cikin 100 na yara ƴan wata 6 zuwa 59 a Nijar na da ƙarancin jini, mata masu shekarun haihuwa kuma kashi 46. A nan gajiya sau da yawa rashi ne na gaske.

OMS ta ce mai juna biyu ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da mikrogiram 400 na asid folik kowace rana, kuma ana bayarwa a wajen awon ciki. Yara ƴan wata 6 zuwa 59 ana ɗiga musu bitamin A duk wata huɗu zuwa shida, abin da Nijar ke haɗawa da kamfen ɗin rigakafi tun ƙarshen shekarun 1990, kuma an tabbatar yana rage mace-macen yara da makanta. Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa, madara, sukari da bitamin da André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996, ya nuna aikinsa a yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar MSF ta yi jinyar dubun-dubatar yara masu tamowa, akasari a Maraɗi. Kamfanin STA na sarrafa shi a Yamai. Leda ɗaya mai giram 92 na da kalori 500. Magani ne na yaro mai tamowa, kuma baligin da ya saya a kasuwa don ƙarin ƙarfi rabon wani yaro yake ci.

Ko a nan ma'auni na da muhimmanci. A tsibirin Pemba na Tanzaniya an dakatar da wani ɓangare na gwajin ba yara sinadarin ƙarfe, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, saboda a yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu ya ƙara yawan kwanciya asibiti da mace-mace. Shi ya sa ake haɗa shi da rigakafi da maganin zazzaɓin. Mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini ma sinadarin ƙarfe taruwa yake yi a jikinsa, ƙara masa cuta ne. Bitamin A mai yawa na iya nakasa ɗan tayi, bitamin B6 mai yawa na lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, bitamin C mai yawa kuma na ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda ga maza. Tsofaffi da masu shan metformin na shekaru su ne suka fi fuskantar ƙarancin B12, kuma awon jini ne ke nuna shi.

Zogala, kuka da spirulina

Zogala abinci ne mai kyau, mai furotin, sinadarin ƙarfe da karotin, kuma lambunan Jiratawa a jihar Maraɗi sun shahara da nomansa. Garin ɗan kuka na da bitamin C, wanda ke taimaka wa hanji tsotse sinadarin ƙarfe daga gero da wake. Spirulina, wadda matan Kanembu ke tsamowa daga tafkunan yankin Tafkin Cadi su busar, fiye da rabin nauyinta furotin ne. A Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods na sarrafa ƴaƴan itatuwan daji irin su anza da aduwa. Dukansu na cike giɓin abinci. Babu gwajin da ya nuna ɗayansu na jinkirta tsufa, kuma zogalar da aka zuba cikin ƙwaya aka liƙa mata takarda ba ta fi ta kwaɗo amfani ba, tsada kawai ta fi ta.

Inganci da doka

OMS ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yunƙurin Lome na watan Janairun 2020 kan yaƙi da jabun magani. Ofishin ONPPC ne ke samar da magani ga cibiyoyin gwamnati, ɗakin bincike na LANSPEX kuma ke awon inganci. Abin da ke faranti ba ya bi ta waɗannan ƙofofi, ga rana da ƙura suna dukansa wuni guda. A ƙasashe da yawa, har da Amurka tun dokar 1994, ba a tilasta wa mai abincin ƙari ya tabbatar da aikinsa kafin ya sa shi kasuwa, saɓanin magani. Rubutun da ke jikin kwali talla ne.

Idan gajiya ta ƙi tafiya

Gajiyar da ta wuce mako biyu ko uku alama ce da ke neman a bincika. A wannan yanki abubuwan da suka fi jawo ta sun haɗa da ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya, tarin fuka, ciwon hanta, ciwon sukari, hawan jini, rashin barci da damuwa. Ga manomin Hamdara akwai kuma lokacin da rumbu ke ƙarewa daidai da aikin gona mafi nauyi, daga Yuni zuwa Satumba. Ƙwayar da ta danne yunwa a wannan lokaci ba ta ƙara masa ko loma ɗaya. Awon jini, awon sukari da awon tansiyo a cibiyar CSI ko babban asibitin Damagaram sun fi kwalaben bitamin na wata uku amfani, domin binciken ƙasa ya nuna fiye da baligi ɗaya cikin huɗu a Nijar na da hawan jini, yawancinsu ba su sani ba.

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara shekarun lafiya ba a kwalba suke ba. Barin taba na kan gaba: binciken likitocin Ingila na shekara 50 ya nuna mai shan taba na asarar kimanin shekara goma. Sai riƙe hawan jini da sukari da magani, rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana har da na magi, motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako ga mai zaman ofis ko shago, barcin awa bakwai zuwa takwas, da abinci mai wake, gyaɗa, ganye, nono da ƴaƴan itace. Wanda aka auna aka ga yana da rashi, ya sha abin da aka rubuta masa, daga farmasi, na tsawon lokacin da aka ƙayyade, sannan ya koma a sake awo.